Dubiya a Gidan Gada

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata rana Ungulu ta sauka a fadar Zaki, ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙuwar cuta ta ɓulla gidan Gada. Daga sama nake kallo, duk wanda ya je dubiya ya sha ruwa a ƙwaryar gidan, shi ke kwantawa. A dakatar da dubiya tun yau."

Zaki ya yi mata kallon hadarin kaji. Yaushe mai cin mushe ta fara son lafiyar jama'a?

Kura ta yi caraf ta ce, "So take a bar majinyata su kaɗai, su mutu ta sami kalaci. A yanke zumunci saboda zato? A dai jira a tabbatar."

Maganar ta shiga Zaki. Amma ya san Kura, ba ta zumunci sai da dalili, kuma a hanyar gidan Gada take laɓewa. Ya ce, "Ungulu, me kuma kika gani?"

"Masu tafiya dubiya Kura ke kamawa, ranka ya daɗe. Masu dawowa da suka sha a ƙwaryar kuwa, har hanya take ba su."

Kura ta ce, "Tausayi ne."

Zaki ya miƙe. "A rufe hanyar, a fasa ƙwaryar. Naman da Kura ta ji tausayinsa, ba sai an jira boka ya ce yana da cuta ba."

Ƙurunƙus kan ɓera, shi ma bai je dubiya ba.