Mutumin da Aka Yi da Jinin Alhaji Sajo

Akwai wani ɗan kasuwar riɗi a Gumel mai suna Alhaji Sajo. Ya tafi ƙasar waje neman lafiya, ya dawo tare da wani mutum da likitoci suka yi da jininsa. Fuska ɗaya, murya ɗaya, har tunanin Alhaji yana cikin kansa. Ya kawo shi ne don ya riƙa aika shi tafiye-tafiyen da shi kansa yake tsoro.

Ba a yanka masa rago ba, ba a raɗa masa suna ba. Kwafi kawai ake ce masa.

Sharifa, matar Alhaji, tsoronsa take ji kamar ranta zai fita. Kullum 'yarsu Hidaya ta ruga ta rungume babanta, sai Kwafi ya tsaya a bakin zaure yana kallo, idonsa jawur.

"Alhaji, wannan abin kishinka yake," in ji ta. "Wata rana zai kashe ka ya zauna a wurinka."

Alhaji ya yi dariya. "Haba Sharifa, abin da ba shi da zuciya ina zai samo kishi?"

Ranar Alhamis suka tafi kasuwar Maigatari su biyu a mota. Da la'asar motar ta dawo. Mutum ɗaya ya fito, rigarsa sharkaf da jini, ɗayan kuma yana kwance a baya ba motsi.

Sharifa ta ja da baya. Ta tura Hidaya bayanta.

"Kada ka matso! Buɗe ƙirjinka in gani!"

Ya buɗe. Ga tabon aikin da aka yi masa a asibiti, wanda Kwafi ba shi da shi. Mijinta ne.

Alhaji ya durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce wasu 'yan bindiga ne suka tare su a hanya, an turo su su kashe shi. Da suka ga fuska biyu iri ɗaya, suka tambaya wanne ne Sajo.

"Bakina ya mutu, Sharifa. Shi kuwa ya buɗe ƙofa ya ce, 'Ni ne. Wannan kwafina ne, ku bar shi, ba mutum ba ne.' Suka harbe shi."

"Bai ce komai ba?"

"Ya riƙe hannuna ya ce, 'Na yi kishinka, ka yafe mini. Ina son yarinyar nan kamar yadda kake son ta. Amma kai ta sani.'"

Kunya ta rufe Sharifa. Mutumin da ba ta taɓa miƙa wa ko ruwa da hannunta ba!

A waje maƙwabta suka fara gardama, wai ko ya halatta a yi wa Kwafi salla. Daga bayan ƙyaure Sharifa ta ɗaga murya.

"A cikinku wa zai ce 'ni ne' a gaban bindiga?"

Liman ya miƙe ya ce a kawo ruwan wanka.

Darasi: Kada ka cire wani daga sahun mutane don ba ka gane asalinsa ba. Zuciyar da ta iya kishi ta iya so, kuma tana iya ba da ranta dominka. Ka tura wa wani, wataƙila akwai wanda yake wulaƙantawa a gidansa.