Famfon Feshin da Harouna Ya Riƙe

Akwai wani mutum a wani ƙauye gefen Dogo-Dogo, sunansa Harouna, ƙanen Maigari. Irin mutanen nan ne da in ka ba su ajiya sai su ɗauka gado suka ci.

Shekarar da ƙuduji ya addabi gonakin gero, malamin gona ya kawo wa garin famfon feshi guda ɗaya da maganin ciyawa. Ya ce, "Ku fesa tun bai yi fure ba. Tushe ɗaya iri dubbai yake zubarwa, su kwanta a ƙasa shekara da shekaru suna jiran geronku."

Ni da na tsere daga lakwal, makarantar boko, a aji huɗu, sau ɗaya na ji na gane.

Aka ajiye famfo wurin Harouna, kowa ya karɓa da layi.

Gonar wata mata, Hinda, tana gangaren tasa. Mijinta ya rasu, gonar nan ita ce abincin gidanta. Sau uku tana zuwa wurinsa neman famfo.

"Malam Harouna, layina ya zo. Abin ya fara tsirowa."

"Ke Hinda, famfon gari ai ba ludayi ba ne. In maza sun gama a duba ki."

Maza kuwa sun gama tuni. Famfo yana rataye a zaurensa, gizo-gizo na saƙa a kai. Ko tasa gonar bai fesa ba, wai sai ƙudujin ya yi fure ya gan shi da kyau, kada ya ɓata magani.

Hinda ta duƙa da hannu. Kwana tara tana tugewa tana ƙonawa, har bayanta ya ƙi miƙewa.

Shi kuwa sai da fure ya bushe ya saɓa famfo. Ciyawa ta mutu, ya je kasuwar Dungas yana cika baki. Iri kuwa ya riga ya sauka.

Damina ta dawo, geronsa ya tsaya iya gwiwa, rawaya. Abin da ya fi ƙona mini rai, ruwa ya kwashi irin ya zuba a gefen gonar Hinda, wadda ta sha wahalar kwana tara.

Maigari ya sauke famfon da hannunsa ya kai gidanta.

Harouna ya zo ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. "Hajja Hinda, ko an sa ni a layi?"

"Yau kuma Hajja na zama?" Ta miƙo masa famfon. "Kai ne farko, Malam. Ka fesa yau. Duk abin da ya yi fure a gonarka, a tawa yake sauka."

Darasi: Kayan gari ba na mai ajiya ba ne, kuma ciyawar da ka bari ta yi iri ba ta san iyakar gona ba. Ku fesa kafin fure, ku miƙa wa na baya. Ku tura labarin nan ga duk wanda famfo ke rataye a zaurensa.