Gaggafar da Habila Ya Ɓoye a Hula

Yara, ko na dafa Littafi ba za ku yarda da wannan ba, amma ku buɗe kunne.

Akwai wani saurayi, Habila, gwanin wasan katin dabbobi, bakinsa kuwa ya fi hannunsa gwaninta. A ƙofar shagon Baba Kefas ake buga wasan, tsohon ne kuma alƙali. Wasan yana da wata doka da ake kira haɗi: mai Zaki da Gaggafa yana iya kife su biyun cikin ƙwaryar alƙali, ya karɓi kati ɗaya, Zaki Mai Fiffike, wanda ba dabbar da ke kayar da shi. Wanda aka kama da maguɗi kuwa, katunansa duka sun zama na ƙwarya.

Ran nan Habila ya zauna da Rahila, 'yar maƙwabcinsu, ta matsa masa lamba. Yana da Zaki, yana da Gaggafa, amma ransa ya ƙi rabuwa da Gaggafar. Sai ya yi kamar yana sosa kai, ya cusa ta cikin hula, ya kife Zaki da wani Ƙadangare a ƙwarya.

"Baba, haɗi!"

Tsoho ya dube shi. "Ɗana, duka biyun ka bayar?"

"Haba Baba, ni Habila?"

Aka ba shi Zaki Mai Fiffike. Ya shiga cinye katunan Rahila yana yi wa kansa kirari, har ya rage mata ɗaya. Ta riƙe shi a ƙirji, ta ƙi saukewa.

"Sauke mana, ƙanwata, tuwo na jirana."

Ta ajiye a hankali. Wuƙa ce, katin da ke raba haɗi, a mayar wa mutum katunan nan biyu da ya bayar.

Gumi ya keto wa Habila. Baba Kefas ya jawo ƙwarya, ya juya na farko: Zaki. Ya ɗora yatsa a kan na biyu.

"Baba, a bar shi, na yafe wasan."

Tsoho ya juya katin. Ƙadangare!

"Cire hularka."

Ya cire. Ga Gaggafa manne a tsakiyar kansa, gumi ya liƙa ta. Da hannunsa ya zuba katunan da ya daɗe yana tarawa cikin ƙwarya, Gaggafar ce ta ƙarshe.

Ma'anar wannan misali ita ce: katunan biyu su ne bakinka da zuciyarka. Ubangiji yana so ya karɓe su tare, ya ba ka sabon rai. Waɗansunmu mun miƙa baki ran Lahadi, muna waƙa har da rufe ido, zuciya kuwa tana cikin hula. Mutane za su tafa maka. Amma akwai ranar da za a juya ƙwarya, abin da ka hana Allah shi zai tona ka. Kowa ya taɓa hularsa yanzu.