Telan da Bai Taɓa Cewa Ban Sani Ba

Akwai wani tela da mutane ke yi wa laƙabi da Farfesa. Hannunsa na da kyau a kan keke, amma girman kai ya yi masa katutu. Ɗan Turancin da ya tsinta a bakin masu kawo ɗinki ya sa yana ganin babu na biyunsa a layin. Abin haushi, tun da yake bai taɓa buɗe baki ya ce bai san abu ba.

'Yarsa ta fari ta kai zagayen ƙarshe na wata gasa a makaranta. Wadda ta ci za a ɗauki nauyin karatunta har ta gama sakandare, abin da Farfesa ba zai iya ba. Aka raba wa yara haruffa, ita ta samu L, aka ce ta koyi ma'anar kalmomin Turanci da ke farawa da shi. Uwarta ta ce a aro ƙamus a wajen malamin da ke maƙwabtaka da su. Farfesa ya daka mata tsawa, wai ana so a nuna wa unguwa shi jahili ne.

Kullum bayan makaranta yarinyar ta zauna a bencin shago tana karanto kalmomi, shi kuwa yana taka keke yana ba ta amsa, 'yan zaman shago suna jinjina kai. Wadda ya sani ya faɗa. Wadda bai sani ba ya ƙirƙira nan take, don kada a ga ƙafarsa ta tsaya. Ya ce mata lung ƙoda ce, lizard kuma kunkuru. Baiwar Allah ta haddace tas.

Ranar gasa ya sha sabon ɗinki, ya zauna a sahun gaba. Alƙali ya tambaye ta lung, ta ce ƙoda. Ya ce huhu ne. Ya tambaye ta lizard, ta ce kunkuru. Da ya ce ƙadangare ne, sai ta dage.

"Malam, ba haka ba ne. Babana ne ya koya min, ga shi can."

Zauren ya kwashe da dariya, ido ya dawo kan Farfesa. Aka sallame ta.

A gida uwar ta wanke shi tas, ta ce ya sayar da karatun 'yarsa don 'yan zaman banza su tafa masa. Ya fara kame-kame, wai alƙalan ne ba su iya ba. Yarinyar, da idonta ya yi ja don kuka da takaici, ta dube shi.

"Baba, da ka ce min ba ka sani ba, ai da na tambayi wani."

Mai karatu, rashin sani ba abin kunya ba ne, ƙaryar sani ita ce abin kunya. Idan wanda ya yarda da kai ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka gaya masa gaskiya, ka nuna masa inda zai samu. In ka rufe jahilcinka da ƙarya, wanda ya yarda da kai ne zai ɗanɗana kuɗarsa.