Gingimarin da Birkinta Ya Cije a Kwanar Gawo

Ku matso kusa. Labarin nan ba mai daɗi ba ne, ni kaina in na ba da shi sai in wuni ba walwala, amma ina so in ji yadda za ku raba gardamar.

A wani ƙauye da ake kira Kwanar Gawo an yi wata tsohuwa, Inna Kuluwa, mai ’ya’ya maza uku. Sallau, babbansu, maƙeri ne. Mati bakanike ne. Ɗantani, autansu, direba. Ubansu ya rasu ya bar musu gingimari guda, su kuwa don tsabar kara kowa sai ya ce ɗan’uwansa ya ɗauka. Haka motar ta kwashe damina a gindin tsamiya, ruwa na dukanta, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Wata safiya Inna ta sa hannu cikin kara za ta hura wuta, kububuwa ta sare ta. Kafin hantsi hannun ya kumbura har kafaɗa, dasashinta na zubar jini. Maganin yana asibitin birni, ga rafi ya cika ya shafe hanya, babur ba ya ƙetarewa, amalanke ma haka. Gingimarin nan kaɗai ke da tsayin da za ta ratsa ruwan. Aka tayar da inji ya tashi, aka sa giya, mota ta yi ƙara ta ƙi motsi. Tsatsa ta manne birkin tayoyin baya da gangarsa, wato ƙarfen nan da ke juyawa da taya, sun zama abu ɗaya.

Sallau ya ɗauko gawayi da zugazugi, ya kwanta a taɓo, ya hura wuta a gindin tayar dama har ƙarfen ya yi ja. Ya kai masa guduma, birki ya saki. Sai dai wutar ta lashi tiyon iska ta huda shi. Babu wani tiyo a ƙauyen, don haka ya yanko robar tsohon tub na taya ya naɗe wurin tamau. Da bai hura wutar nan ba, da tayar ba ta juya ba.

Ta hagu kuwa ta ƙi wuta, ta ƙi guduma, ta ƙi baƙin mai. Mati ya shiga ƙarƙashi, ya yi ta fama da notunan da suka ci tsatsa har farcensa ya cire, jini na bin gwiwar hannunsa. Da ya ga rana na tafiya, yana kuma jiyo nishin uwarsa daga ɗaki, sai ya kwance birkin gefen nan gaba ɗaya ya jefar. Ya san abin da ya yi, amma ba don haka ba motar tana nan a gindin tsamiya.

Aka shimfiɗa wa Inna katifa a baya. Ɗantani ya shiga rafi da motar, ruwa har ƙofa, hanya ba ta ganuwa, yana lalube da tunanin inda kowane dutse yake. Duk yankin ba wanda zai iya wannan sai shi. Da suka haye, hanya ta rabu: doguwa mai shimfiɗe, da gajera mai gangare. Sallau ya leƙo ya ce Inna ta daina amsa kira. Ɗantani ya karya kan mota ya bi gangaren.

Wanda bai sani ba ya sani, birkin babbar mota iska ce ke sakinsa, in iskar ta tsere sai ya damƙe da kansa. Suna tsakiyar gangare robar Sallau ta fashe. Tayar dama ta kafe, ta hagu da ba birki ta ci gaba da gudu, mota ta juya ta faɗa kwazazzabo. Mazan uku suka fito da ƙujewa kawai. Inna kuwa ko shurawa ba ta yi ba, ga rufin asibitin can ana hango shi.

Ranar sadakar uku ƙanwarsu Hurera ta iso daga gidan aurenta. Ba ta yi kuka ba, ta zauna a gabansu ta tambayi yadda aka yi.

“Ni ne, Hurera,” in ji Sallau. “Ni na ƙona tiyon, na ɗaure ran Inna da roba.”

Mati ya ce a’a, da birkin hagu na nan da motar ta tsaya cak a miƙe, shi ya cire shi da hannunsa. Ɗantani ya ce su bar wahalar da kansu, a shimfiɗaɗɗiyar hanya ko robar ta fashe ba abin da zai faru, shi ya zaɓi gangaren.

Liman ya yi musu nasiha cewa ajali ne, suka amsa da baki, amma ba ta shiga zuciya ba. Har yau Sallau bai sake hura wutar maƙera ba, Mati ba ya taɓa sifana, Ɗantani ko a mota ba ya zama gaba. Ba sa faɗa, ba sa gaba, sai dai sun kasa cin tuwo a kwano ɗaya, domin kowa na ganin bai isa ya haɗa ido da sauran ba. Abin da ke cin raina shi ne, da ɗayansu ya naɗe hannu, da dafin ya kashe ta a ɗaki, kuma ba wanda zai ga laifin kowa.

To, ku da kuka saurara, kowanensu ya ce shi ne. A cikin ukun nan, wa ya faɗi gaskiya?