Godiyar da Sarki Narawan Ya Tsaya Jira

A wani zamani mai tsawo, can bayan duwatsun gabas inda mutane ke bin tafarkin Buda, an yi wani sarki mai suna Narawan, mai buɗaɗɗen hannu, amma mai ƙishin yabo fiye da kima. A ƙasarsa akwai garin Pelwa a bakin wani babban tafki, wanda aljanin cikinsa ya janye ruwan har jiragen masunta suka kwanta a kan busasshiyar laka, ƙishirwa ta fara ɗaukar yara. Aljanin ya aiko da sharaɗi cewa ba zai saki ruwan ba sai sarki ya yi sadakar da za ta sa ƙararrawar haikali ta kaɗa da kanta.

Sarki ya cika kekunan doki da shinkafa da alharini, ya kama hanya tare da 'yarsa Gimbiya Sirima. Kwana tara suna ratsa duwatsu, suna sauka a haikalai masu rufin zinariya. A kowanne, sufaye masu askakken kai kan fito su karɓi kyautar idonsu a ƙasa, ba tare da sun ce uffan ba, domin a al'adarsu mai bayarwa shi ke godiya, tunda shi aka buɗe wa ƙofar lada. Sarki ya san haka sarai, amma ya ɗauka rawani ya fi ƙarfin al'ada. Sai ya tsaya ƙiƙam yana jira, in ya ji shiru ya sa a kwashe kayan a mayar cikin keke. A haikali shida aka yi wannan abin kunya, Sirima tana kallo zuciyarta na tafasa.

Da suka isa Pelwa, ta ga mata suna tonon laka da hannu suna matse ta a bakin jarirai. Haikali na bakwai yana nan bakin gaɓa. Sufaye suka karɓa, suka yi shiru, sarki kuwa ya sake tsayawa jiran godiya, ya harɗe hannu a ƙirji.

Sirima ta sha gabansa, ta ce, "Ranka ya daɗe, kwana tara ina haɗiye magana, yau ba zan iya ba. Mutanen nan suna rasa 'ya'yansu, kai kana jiran kalma ɗaya daga bakin tsofaffi. In kalmar ta fi maka rayukansu daraja, ga su nan, ka faɗa musu da bakinka."

Sarki ya dubi matan. Can ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa gaban babban sufin, ya ce, "Na gode da ka karɓa."

Ƙararrawa ta kaɗa ba wanda ya taɓa ta. Ruwa ya ɓullo daga tsakiyar tafkin, aljanin ya taso a kansa, tsawonsa ya kai giginya, ya ce, "Ya sarki, da a haikalin farko ka faɗi wannan, da yara arba'in suna nan suna sha yau."

Tafki ya cika, jiragen masunta suka taso kan ruwa. Sirima ta ƙi komawa fada, ta zaɓi Tisa, sarkin masuntan garin, aka ɗaura musu aure a bakin ruwan. Da sarki ya aiko da makaɗa da maroƙa ɗari don bikin, ta tare su tun a ƙofar gari ta mayar da su, ta ce ba za a buga ganga ba a garin da uwaye arba'in ba su gama kuka ba.