Tagar Inna Hamdatu

Akwai wani direba a unguwar Thamesmead ta Landan mai suna Hambali, yana da motar kaya mai shan dizal. Kullum yana tsakanin Old Kent Road da Lewisham, yana sauke wa shaguna shinkafa da manja. Ya yi shekara goma sha biyu yana jan tirela daga Kano zuwa Legas kafin ya zo Landan, don haka in dai maganar mota ce, ba ya jin kira.

Wata rana motar ta koma tafiyar hawainiya. Ya kai ta wurin wani bakanike, Zuberu, wanda ya ce matatar da ke tare baƙin hayaƙi ce ta toshe. Ana iya wanke ta, amma motar za ta kwana uku. Ana iya cire ta ita kaɗai. Ko kuma a kashe duk abin da ke tace hayaƙin, a rufe wa kwamfutar motar baki.

"In aka yi delete gaba ɗaya, za ta yi ƙarfi," in ji Zuberu. "Amma doka ta hana. Kuma abin da filter, wato matatar, ke riƙewa, wani ne zai shaƙe shi."

Hambali ya yi dariya. "Mu da muka sha hayaƙin tirela ba mu mutu ba. Cire komai."

To, Hambali yana da wata al'ada da ya taho da ita daga gida. Ba ya tayar da mota ya wuce, sai ya bar inji ya yi ɗumi minti goma sha biyar. Gidansu a hawan ƙasa yake, kuma bayan motar yana daidai tagar mahaifiyarsa, Inna Hamdatu, mai tsohon ciwon asma da ya daɗe da kwantawa. Kullum bayan asuba takan buɗe tagar da carbi a hannu, ta yi ta yi masa addu'a har ya tafi. Ko sanyi bai taɓa hana ta ba.

Matarsa Fauziyya ce ta fara lura. Farin labulen Inna ya soma baƙi, tana wankewa yana komawa. Da ta yi magana, ya ce me ta sani a harkar mota. Sai tari ya kama Inna, ƙarami, irin wanda ake cewa na sanyi ne. Daga baya Inna ta koma yanke addu'a a tsakiya don ta ja numfashi. Hambali ya sayo mata zuma da citta.

Wata safiyar Talata tagar ta buɗe, amma bai ji muryarta ba. Ya taka totur sau biyu don ta san yana jira. Sai ga Fauziyya ta fito ba takalmi, tana dukan ƙofar motar, tana ihu cewa Inna ta suma.

A asibiti likita ta tambaya ko tsohuwar tana zama kusa da hayaƙi. Hambali ya sunkuyar da kai. Da Inna ta farfaɗo, ta janye abin numfashin da aka sa mata daga bakinta, ta kama hannunsa.

"Ɗan nan, yau ban sa maka albarka ba. Ka yi haƙuri."

Nan ya fashe da kuka a gaban mutane, domin ya san abin da ya aikata.

Ya mayar da komai na motar a makon. Inna kuwa ta dawo gida da tulun iskar numfashi, aka mayar da ita ɗakin baya. Har yau in ya tayar da mota sai ya waiga, amma tagar a rufe take.

Darasi: Abin da ka cire don sauƙin kanka, wani ne zai ɗauki nauyinsa, kuma sau da yawa na kusa da kai ne. Ka saurari mai faɗa maka gaskiya tun kafin ka yi da-na-sani. Ku tura wa duk direban da kuka sani.